Kafin Mai Kiwon Tarwaɗa Ya Sayi Matatar Ruwa

Kiwon tarwaɗa a bayan gida ya yawaita a garin Minna. A unguwannin Bosso da Tunga da Maitumbi da Chanchaga, ba wuya a tarar da tankin siminti ko na roba ko na tamfol a kusurwar gida, ma'aikata da 'yan fansho da matan aure suna neman ƙarin abin masarufi da shi. Da zarar ruwa ya fara wari, kifi ya rage cin abinci, tambayar da ake kawo wa malaman gona ita ce: wace irin matatar ruwa ya kamata a saya? A ganina, ga mai tanki ɗaya zuwa huɗu, wannan tambaya ta yi gaba da yawa. Abin da ya fi buƙata shi ne tsayayyen tsarin sauya ruwa da auna abinci, kuma kuɗin matata ya fi amfani idan aka sa shi a tankin ajiyar ruwa.

Yana da kyau a san inda aka fi dogara da matata, da dalilin hakan. A Turai da Amurka akwai masu ajiye kifin teku mai launi cikin akwatin gilashi a ɗaki domin ado. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka sai sun sayi gishiri na musamman sun haɗa ruwan da kansu. Ruwa irin wannan tsada gare shi, ba a zubar da shi haka kawai. A ƙasar Holan kuma ana kiwon irin tarwaɗarmu ta Afirka a cikin gini, ana ɗumama mata ruwa saboda sanyin ƙasar, saboda haka dole a tace ruwan a mayar da shi. Duk da na'urorin da ke hannunsu, masu kifin ado ba su daina sauya wani kaso na ruwan lokaci-lokaci ba. Mu a nan ba mu sayen gishirin teku, rana kuma ta ɗauke mana ɗumama ruwa. Abin da muke ƙaranci shi ne wutar lantarki mai ɗorewa, ita kuwa matata da ita take rayuwa.

Babban abin da ke ɓata ruwan tanki ba ya ganuwa da ido. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara wani. Abincin tarwaɗa mai furotin kashi 40 cikin ɗari yana haifar da amoniya kimanin giram 30 zuwa 40 a kowane kilo da aka zuba. A ɗauki tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, wato lita 4,000. Idan kifin ya girma har yana cin kilo 2 a rana, to kowace rana ana zuba wa ruwan amoniya fiye da giram 60, kusan miligiram 15 a kowace lita. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan abincin da ake bayarwa shi ke yanke yawan ruwan da za a sauya, ba kwanakin mako ba.

Matata iri biyu ce, kuma a nan ake yawan ruɗuwa. Akwai wadda ke tare datti, ta soso ko raga ko yashi da tsakuwa. Tana sa ruwa ya yi garau, amma amoniya narkakkiya ce, wucewa take yi. Manomi sai ya ga ruwa fes ya saki jiki, alhali dafin yana nan. Ta biyu ita ce wadda ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama a jikin tsakuwa ko gutsattsarin roba, suna mayar da amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, kuma suna buƙatar ruwa mai gudana da iskar oksijin dare da rana. Idan injin ya tsaya na sa'o'i masu yawa, iska ta ƙare a cikin matatar, aikinsu ya lalace. Ranar da wuta ta dawo, ruwan da ya ruɓe a ciki shi za a fara tura wa kifi. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk mazaunin Minna ya san wuta tana ɗaukewa. Wanda zai riƙa kunna janareta domin tanki biyu, ya fara lissafa kuɗin mai kafin ya lissafa riba.

Tarwaɗa kuma tana da wani hali da ke ɓoye matsala. Tana da gaɓa ta musamman da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, saboda haka takan rayu a ruwan da karfasa za ta mutu a cikinsa. Rayuwa dai take yi, ba girma ba. Tana cin abinci ba ta ƙara nauyi yadda ya kamata, abinci kuwa shi ne mafi tsada a wannan sana'a. Alamomin da za a lura da su sun haɗa da rage ci, tsayawar kifi a tsaye a saman ruwa, guntulewar gashin baki, gyambo a jiki, da kumfar da ba ta bajewa.

Tsarin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. A gina tanki da ɗan gangare zuwa mafitar ruwa ta ƙasa, domin datti a ƙasa yake taruwa. Kowace safiya, kafin a ba da abinci, a buɗe mafitar har baƙin ruwan ya fita. Idan kifi ya girma, a sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon abincin da ake bayarwa. Wannan ya fi a bar ruwa ya yi mako guda sannan a zubar da shi gaba ɗaya, kifi yana ta birgima a kan siminti yana jin ciwo. Kada a zuba abincin da ba zai ƙare cikin mintuna kaɗan ba.

Ruwan da za a zuba shi ma yana da sharaɗi. Ruwan famfo yakan zo da sinadarin kilorin, sai a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen tanki. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, sai a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama. Sabon tankin siminti yana sakin kanwa a ruwa, wato yana ɗaga ma'aunin pH, don haka wajibi ne a jiƙa shi a wanke sau da yawa kafin a sa kifi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a pH 7, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na amoniya ne ke da dafi, a pH 8 kuwa ya kusa ninka hakan sau goma. Zafi ma yana ƙara shi, shi ya sa watannin Maris da Afirilu suka fi haɗari a Minna, ga shi kuma lokacin ne rijiyoyi ke ja baya. Mai hankali yakan tsara kiwonsa yadda zai sayar da manyan kifi kafin bazara ta tsananta. Da hunturu kuwa ci yana raguwa, sai a rage abinci.

Ban ce matata ba ta da wuri ba. Mai ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, ko wanda ke sayen ruwa a tanka kuma yana da wutar sola tabbatacciya, zai iya cin moriyarta. Amma ya wanke ta da ruwan tanki, ba da na famfo ba, domin kilorin yana kashe ƙwayoyin. Kada kuma ya cika tanki da kifi ranar da ya kafa ta. Ya nemi shawarar tsarin ginin daga Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, ko sashen kiwon kifi na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Malaman gona kuma ya dace kowannensu ya riƙe ɗan kayan gwajin amoniya da pH, domin gwaji ɗaya a gaban manomi ya fi dogon bayani.

Saura ruwan da aka zubar. Abin da ke cutar da kifi a cikinsa, wato sinadarin naitirojin, shi ne muke saye da tsada a buhun takin yuriya. Sakin sa cikin kwata asara ce, ga wari, ga sauro, ga rigima da maƙwabta. A ja shi da tiyo zuwa gindin ayaba ko gwanda, ko fangalin alayyafo da kuɓewa da masarar rani. Ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas, a ba shi ruwan ta gindi, kada a watsa a kan ganye. A lura da abu ɗaya: masu kiwo da dama suna zuba gishiri a tanki domin maganin ciwo ko rage illar naitirait. Ruwan ranar da aka sa gishiri ko magani kada ya shiga lambu, musamman da rani lokacin da babu ruwan sama da zai wanke ƙasa, domin gishirin taruwa yake yi a fangali, kuma wake da albasa ba su jure masa.