Hutun Hunturu A Bakin Teku: Tambayar Da Ɗan'uwanmu Bai Yi Ba

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Wani ɗan'uwa, ɗan kasuwa a Gusau, wanda ba ya fashin zuwa karatu, kuma ba a taɓa neman gudummawar addini ya noƙe ba, ya aiko mana da tambaya a rubuce. Ya ce ya ƙudura niyyar ɗaukar iyalinsa idan yara sun sami hutun Disamba, su tafi wata ƙasa mai bakin teku, su yi kwana goma a irin manyan masaukan nan na shaƙatawa, inda ake biyan kuɗin kwana da na abinci a dunƙule. Abu biyu yake son sani: shin zai yi sallar ƙasaru a wannan tafiya, kuma shin abin da ake fitarwa daga teku ana dafawa a gidajen abincin can ya halatta a ci?

Tambaya ta biyu ba ta da wuya. A mazhabar Imamu Malik abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Ta farko ce ke da ɗan zance. Ƙasaru sunna ce ga wanda zai yi tafiyar mil 48, kuma tana yankewa idan matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, saboda haka mai niyyar kwana goma zai cika sallarsa da zarar ya isa. Amma akwai wani sharaɗi da almajirai suka sani. Shaihu Halil, a cikin Muhtasar, bai sanya mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa cikin waɗanda aka sunnanta wa ƙasaru ba. Hanafawa ba su yi wannan togaciya ba, kuma malamai da yawa suna ganin tafiyar hutawa, muddin babu saɓo a cikinta, tafiya ce halattacciya. Abin lura shi ne, magabata ba su tsaya ga awon nisan hanya ba, sai da suka tambayi matafiyi abin da ya fitar da shi daga gida. Wannan ita ce tambayar da ɗan'uwanmu bai yi ba, kuma saboda ita muka ga ya dace a amsa masa a wannan shafi, domin mun san ba shi kaɗai ba ne. A 'yan shekarun nan ma har an fara haɗa Umra da irin wannan hutu a tafiya guda, a yi kwana biyar a Harami, a zarce Dubai a yi bakwai.

Ba mu ce hutu haramun ne ba, kuma ba za mu faɗa ba. Wanda ya haramta abin da Allah ya halatta bai fi wanda ya halatta haramun ƙarancin laifi ba. Ƙissar Salmanu da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, sananniya ce: Salmanu ya hana ɗan'uwansa ƙure kansa da ibada, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi. Kallon teku kansa abin wa'azi ne ga mai hankali. Sa'an nan kuma mun san halin da mai abin hannu yake ciki a wannan jiha. A da, idan ɗan kasuwa ya gaji da hayaniyar Gusau, ƙauyensu yake tafiya bayan an yi girbi, ya kwana biyu a gidan mahaifinsa, ya sha fura da nono, ya dubo gonarsa, yara su ga kakanninsu. Wasu kan kai iyali gindin Dutsen Kwatarkwashi su wuni. Yau wane ne zai yi haka hankali kwance? Hanyar Funtuwa da ta ratsa Tsafe, wadda a da ake bi tsakar dare, ta koma hanyar da ake shiga da addu'a, a fita da hamdala. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a faɗin jihar saboda ta'asar 'yan bindiga. Ranar 22 ga Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, a bakin Gusau, aka kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya daga ɗakunan kwanansu. Mutumin da ya shekara yana barci da ido ɗaya, idan ya ce yana son kwana goma a inda ba zai ji ƙarar babur gabansa ya faɗi ba, ba za mu kira shi fasiƙi ba.

Sai dai yana da kyau mu san asalin abin da muke shirin ɗauka. Hutun hunturu a bakin teku magani ne da Turawan arewacin duniya suka haɗa wa cutarsu. A Sitokholom, babban birnin Suwidin, hasken rana a watan Disamba kimanin awa shida ne kawai, ga ƙanƙara, ga duhu. Shi ya sa tun 1965 mutanen Suwidin suka fara zuwa Gambiya neman rana, aka yi ta gina musu otal-otal a gaɓar teku. Tsibiran Maldibs kuwa a 1972 aka buɗe masaukin shaƙatawa na farko a cikinsu. Haka Sharmus Shaih a Masar, haka Zanzibar. To mu me muke gudu? Ranar da Bature yake biyan kuɗin jirgi ya je ya kwanta a cikinta, mu a kyauta take gasa mu wata tara. Hunturu kuwa shi ne lokacin da jikin Bahaushe yake samun sauƙi, ga kaka ta yi, ga rake, ga dankali, sauro ya ja baya.

Tun da ba don mu aka gina waɗannan wurare ba, ba a auna su da ma'auninmu ba. Su kansu Musulmin da aka gina su a ƙasarsu sun san haka. A Maldibs, inda tsarin mulki ya ce ɗan ƙasa sai Musulmi, ba a sayar da giya a tsibiran da mutanen ƙasa ke zaune, sai a tsibiran da aka ware wa baƙi. A 2021 hukumomin Zanzibar sun gaji da ganin tsiraici a titunansu, suka kafa wa baƙi ƙa'idar sutura a cikin gari, da tara ga wanda ya saɓa. Ke nan masu gida sun ja katanga tsakanin 'ya'yansu da abin da ake yi a bakin ruwa, sai ga ɗan'uwanmu daga Gusau, garin da aka ƙaddamar da Shari'a ranar 27 ga Oktoba 1999, ya biya dala ya tsallaka katangar da nasa 'ya'yan.

Idan ya isa, a ina zai aje idonsa? An umurci muminai maza da mata da runtse gani, amma runtse gani a kan hanya daban, kama ɗakin da tagarsa ke kallon wurin wankan maza da mata a cakuɗe daban. A ce shi ya iya kame kansa. Ɗansa mai shekara goma sha uku fa? 'Yarsa da aka koya wa hijabi tun tana ajin farko a Islamiyya, me za ta fahimta idan ta ga Baba ya zaɓi nan da kansa, ya biya, yana murmushi?

Batun abinci kuwa, ba a kifi matsalar take ba. Hadisi ya zo da hana mai imani zama a kan teburin da ake zagaya giya a kansa. Mafi yawan gidajen cin abincin irin waɗannan masaukai, takardar giya ake fara miƙo maka kafin ta abinci. Tsarin nan kuma na biyan komai a dunƙule, wanda ɗan'uwanmu ya yaba da sauƙinsa, a wurare da dama har da kuɗin barasa a cikinsa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ga kuma abincin da ake jerawa a dogon tebur kowa ya ɗiba da kansa: mutum ya ga ya riga ya biya, sai ya cika faranti da abin da bai san sunansa ba, ya ɗanɗana, ya ture, ya ɗauko wani. Yaron da a gida ake sa shi ya tsince ƙwayar shinkafar da ta faɗi, a kwana goma zai koyi cewa abinci abin turewa ne. Gaskiya akwai masaukai, musamman a Turkiyya da Malesiya, da ba su aje giya, kuma sun raba wa mata nasu wurin wanka. Wanda ya binciko irinsu ya kuɓuta daga wannan ɓangare na magana. Amma akwai sauran ɓangaren da ya fi damunmu.

Ku tuna, ya ku 'yan'uwa, da abin da wannan da'awa ta shiga zukatan matasa da shi. Ba wa'azin tauhidi kaɗai ba ne. Mun tashi mun ce wa mutane lefen da ke hana saurayi aure, da garar da ke sa uba ya sayar da gona, da bikin sunan da ake shekara ana biyan bashinsa, da sadakar uku da bakwai da arba'in da ake ci daga dukiyar marayu, duk ba addini ba ne. An zage mu, an ce ba mu da kara, an ce mun raba zumunci. Muka daure, muka ce kuɗin da aka tsare a gina makaranta da shi, a sa mata a aji, kuma aka gina. Tsofaffin da muka hana dafa shinkafar arba'in da yawansu suna nan da rai. Me za mu ce musu idan suka ga hotunanmu a bakin teku? Shin almubazzaranci sai wanda talaka ya gada daga kakanninsa, wanda mai kuɗi ya aro daga Turai kuwa wayewa ne?

A yi lissafi mai sauƙi. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A wannan farashi, ɗakin dala 100, wanda a irin waɗannan wurare ba a kiransa mai tsada, kwana ɗaya a cikinsa ya cinye albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, kafin a zo ga kuɗin jirgi da biza. Malamin Islamiyyar da ke karantar da 'ya'yan ɗan'uwanmu, shi ko wannan mafi ƙarancin ba ya samu.

Za a ce mana, ai dukiyarsa ce, ya fitar da zakka, kuma israfi ana auna shi ne da ƙarfin mai kashewa. Haka ne, malamai sun faɗi haka. Amma sun kuma faɗi cewa ciyar da mayunwaci da tufatar da matsiraici farilla ce a kan jama'a, idan zakka ba ta wadatar ba nauyin yana kan mawadata har sai an toshe bukatar. Wa zai ce an toshe ta a Zamfara? A watan da ake shirin tafiya hutu, a watan ne iskar hunturu take shiga kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba a Gusau, inda matan da aka kashe wa maza a ƙauyukan Tsafe da Bungudu suke kwana da 'ya'yansu a kan buhu. Mutanen da a da su ke aiko mana da dawa da wake idan an yi kaka, yau su ne ke tsayawa a ƙofar masallatanmu bayan magariba. Su ne sanyi ke kora, ba su da inda za su je. Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha tana nan, 'yan agajinmu suna nan, amma abin da ke shiga hannunsu bai kai ya rufe rabin wannan tsiraici ba, kowa ma ya gani da idonsa.

Wani abu kuma, ko da ba na fiƙihu ba ne. Hoton da aka ɗora a Facebook ko aka yaɗa a WhatsApp, ba dangi kaɗai ke ganinsa ba. Kowa ya san 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Wanda ya nuna wa duniya ya kwana goma a masaukin dala, ya faɗa musu da bakinsa abin da za su nema a kansa, ko a kan ƙanensa da ke bin hanya.

Mun aika wa ɗan'uwanmu amsar tambayoyinsa biyu. Mun ce masa idan ya sami masaukin da babu giya da tsiraici, kuma babu ma'aikacinsa da ke binsa albashi, babu ɗan'uwansa na jini da ke kwana da yunwa, ba mu da hujjar da za mu hana shi tafiya. Mun shawarce shi, shi da duk mai irin niyyarsa, ya ware kwatankwacin kuɗin kwana ɗaya ko biyu ya miƙa wa reshen unguwarsu a sayi barguna da rigunan sanyi na yara, kuma a raba su kafin sanyi ya kankama, ba a watan Fabrairu ba, lokacin da ya fara janyewa. Sa'an nan mun roƙe shi alfarma guda: kafin ya biya kuɗin tikiti, ya zaɓi wata safiya, bayan sallar asuba, ya ɗauki ɗansa babba, su bi 'yan agaji zuwa ɗaya daga cikin kangayen nan, tun mutanen ciki ba su tashi daga kwanciya ba. Idan sun dawo, ya yanke abin da ya ga dama.