An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wani sabon darasi ya fara kutsawa makarantunmu ta hannun masu rajin kare muhalli. Ana so yaro ya ƙididdige makamashin da yake amfani da shi, ya gano abin da ake kira sawun kabon, wato nauyin gurɓatacciyar iskar da rayuwarsa take sakarwa sararin samaniya, sa'an nan ya rage. A takarda abin gwanin sha'awa ne. Sai dai tambayoyin da ake auna wannan sawu da su ba don ɗanmu aka tsara su ba: sau nawa iyalinku suke hawa jirgin sama a shekara? Da me kuke ɗumama ɗaki? Yaron da ake tambaya da bokiti guda yake wanka, da tocilan wayar yayansa yake bitar karatu.

Ni ban yarda a ɗora wa wannan yaro laifin da bai aikata ba. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki. Iskar kabon da ɗan Najeriya yake fitarwa a shekara ba ta kai tan guda ba, ta Ba'amurke kuwa ta haura tan 13. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya take fitarwa ba. To, me ɗan firamare a Gumel ko Illela zai rage? Fitilar da ba ta kawo ba?

Ya kamata kuma mu tambayi inda kalmar ta samu kasuwa. Kamfanin mai na BP ne ya yayata ta a tallace-tallacensa tsakanin 2004 da 2006, har da manhajar da mutum zai auna sawunsa da kansa. Dabarar ba ɓoyayyiya ba ce: mai haƙo man ya miƙa wa mai saye madubi. A nan gida, doka ta hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai tun daga 1984, amma har yau harsunan wuta suna lasar sararin Neja Delta dare da rana. Wannan sawu ba ya cikin darasin.

Za a ce da ni icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran yau su ne masu motocin gobe. Gaskiya ne, shi ya sa ba na neman a soke darasin. Abin da nake ƙi shi ne a tanƙwara iccen ya fuskanci gonar wani. Awo ilimi ne mai ƙarfi, kuma muna da abin aunawa da ya shafi ranmu.

A kai ɗalibai madafar makarantar kwana da sikeli. Su auna itacen da ake ci a dahuwar tuwon dare a murhu mai duwatsu uku, wanda galibin zafinsa yake bin iska ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. Washegari su dafa daidai wannan awo a murhun zamani mai killace wuta, su sake aunawa. Bambancin da za su gani itatuwa ne da ba a sare ba a yankin da hamada take matsowa, kuɗi ne da ya tsaya a aljihu, kuma hayaƙi ne da bai shiga ƙirjin masu girki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Yarinyar da ke hura wuta da ƙaninta a goye ta fi kowa haƙƙin sanin wannan. Su lissafa kuma abin da janareto yake sha: kowace lita ta fetur tana fitar da iskar kabon kimanin kilo 2.3, farashinta kuwa kowane magidanci ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ƙwan fitila mai wat 9 da ke haskawa kamar tsohon mai wat 60 lissafi ne da ɗan aji biyar zai yi wa mahaifinsa, ya kuma ci nasara.

Sa'an nan a ƙara layi guda a littafin awon, wanda masu shigo da darasin ba su tanada ba: awa nawa aka samu wuta a makon nan, a gida da makaranta da asibitin garinsu. A ƙarshen zango a tara alƙaluman, ɗalibai su rubuta su a wasiƙa da hannunsu, shugaban makaranta ya sa hannu, a aika wa ɗan majalisar mazaɓarsu.