Abin da ke kwance a ƙarƙashin kufan Alkalawa

A 2009 wani Bature mai yawo da na'urar gano ƙarfe don nishaɗi ya tono tarin zinare a wata gona a Staffordshire ta Ingila, kayan yaƙi na ƙarni na 7. Bai kai wa maƙeri ya narkar da shi ba. Ya sanar da hukuma kamar yadda dokarsu ta 1996 ta tanada, aka biya shi da mai gonar fam miliyan 3 da ɗoriya, kayan suka shiga gidan tarihi. To mu fa? Na'urar nan ta iso ƙasarmu tuni, amma a hannun masu haƙar zinare take. Ga kufan Alkalawa a ƙasar Sabon Birni, birnin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, inda Sarki Yunfa ya faɗi a 1808. Ina da yaƙinin kan mashi da sulke da ƙarfen linzami na nan binne, ko da rashin tsaro ya hana masana zuwa. Tsorona shi ne ɗan gwangwan ya riga su, ya auna tarihin Gobir a sikeli. Duk manomin Isa ko Sabon Birni da garmarsa ta turo tsohon ƙarfe, don Allah ya kai wa hakimi.