Kwamfuta Tana Iya Lissafin Sauti, Amma Ba Ta da Kunne

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta domin haɗa kiɗa ya san wannan matsala: zai jera sautuka, sai ɗaya ya kauce wa 'yan'uwansa, kiɗan ya ɓaci. Manhajojin haɗa kiɗa, irin su FL Studio da Ableton Live, suna da dabarar magance haka. Mai kiɗa zai zaɓi tsanin sautin da yake so, manhaja kuma ta hana shi taka matakin da ba ya cikin tsanin. A ganina wannan dabara tana da amfani ga mai koyo, amma kuskure ne a bar ta ta maye gurbin ilmi da kunne.

Bari mu duba yadda abin yake aiki. A shekarar 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da wani tsari mai suna MIDI. Shi wannan tsari ba ya ɗaukar sauti, umarni kawai yake aikawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, kuma yaushe aka sake shi. Kowane sauti yana da lamba, daga 0 zuwa 127. Lamba 69 ita ce sautin da ke girgiza iska sau 440 a daƙiƙa guda. Idan aka hau matakai 12 zuwa lamba 81, girgizar za ta ninka ta zama 880.

Tsanin da ya fi shahara a kiɗan Turawa yana ɗaukar bakwai ne daga matakan nan 12. In aka fara daga 60, sai 62, 64, 65, 67, 69 da 71. Idan ɗalibi ya danna 61, manhaja za ta mayar da shi 60 ko 62. Iyakar aikinta ke nan.

Babu laifi mai koyo ya yi amfani da ita, kamar yadda yaro ke fara rubutu a littafi mai layi. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, sauti yana iya zama cikin tsani amma ya ƙi jituwa da waɗanda ke tashi tare da shi, kuma kunne ne kaɗai zai gane haka. Na biyu, raba sauti zuwa matakai 12 daidai wa daida yarjejeniya ce ta mutane, ba dokar halitta ba. Goge da kukuma ba su da maɓallai. Makaɗi yana zame yatsarsa a kan tsirkiya, ya fitar da amon da ke tsakanin mataki da mataki. Wanda ya kwafi karin goge a fiyano, sannan ya ɗaure shi cikin tsani, ya zubar da abin da ya sa goge ya zama goge. MIDI yana da umarnin lanƙwasa sauti sama ko ƙasa, amma sai wanda ya ji giɓin ne zai nemi cike shi.

Saboda haka muna kira ga malaman lissafi da na kimiyya da su shigo da wannan misali cikin aji, domin darasin girgizar sauti da na ninki duk suna cikinsa. Ku kuma ɗalibai, ku yi aiki da dabarar har ku gane tsarin, sannan ku kashe ta ku gwada kunnuwanku. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.