Shawara Ga Mai Son Cin Abinci Da Alƙalaminsa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai bisa wani al'amari da ya soma yawa a tsakaninmu, watau neman kuɗi ta hanyar rubutu. Kowa ya sani albashin ƙaramin malami da ƙyar ya ke kai ƙarshen wata, wani lokaci ma watan ya mutu ba a ga albashin ba. Saboda haka da yawa cikinmu suna tunanin abin da za su haɗa da koyarwa in sun fita. Wani ya ce noma, wani ya ce ɗinki, wani kuwa ya ce shi alƙalaminsa zai riƙe, ya rubuta labari ya sayar, ya yi wa mutane fassara daga Turanci zuwa Hausa, ko ya tsara wasan kwaikwayo na rediyo ko na fim. Ni ina goyon bayan wannan na ƙarshe, amma da sharaɗi guda, shi ne a ɗauki abin sana'a sosai, a bi ka'idodinta kamar yadda tela da maƙeri ke bin nasu.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne ga malamin makaranta. A shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasar rubuta labarai da Hausa, malaman makaranta ne suka yi fice. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malami ne a Midil ta Katsina. Yayansa Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, yana koyarwa a Bauci. Alƙalamin nan ne ya kai Imam ga zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. To, amma su a zamaninsu akwai hukuma a bayansu, ita ke gyarawa, ita ke bugawa, ita ke kai littattafai makarantu. Mu kuwa yau babu mai yi mana wannan. Mai rubutu shi ne ma'aikaci, shi ne dillali, shi ne kuma akawun kansa.

Abu na farko, ka zaɓi aiki guda ka ƙware a kansa, domin mutane su san abin da za su zo nema wurinka. Wanda ya ce yana fassara, yana waƙa, yana labari, yana kuma rubuta jawabin biki, sai a rasa sunan da za a kira shi da shi. In Hausa za ka rubuta, lalle ka san ka'idar rubutunta. Wanda bai bambance baki da baƙi ba, ko kasa da ƙasa, ko fada da faɗa, bai isa ya karɓi kuɗin kowa ba tukuna. Ka nemi ƙamus ka ajiye kusa, ko na Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Tun ƙarshen 2022 na'urorin nan masu tsara rubutu da kansu sun bazu, mai son araha kuwa can zai nufa. Wanda zai zo wurinka shi ne mai son Hausar da Bahaushe zai karanta bai yi tuntuɓe ba, ita ce hajarka.

Abu na biyu shi ne kuɗin aiki, nan ne kuwa yawancinmu ke faɗuwa, gama kunya ta kan hana mu faɗin farashi. Bari mu yi lissafi irin na aji. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta tsayar da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a wata. In mutum ya yi kwana 22 yana aikin awa 8, ya yi awa 176 ke nan, kowace awa ta tashi kusan naira 400. Yanzu a ce an kawo maka shafi 10 ka fassara, kowane shafi ya ci maka awa ɗaya da rabi har da dubawa. Awa 15 ke nan, watau naira 6,000 ko da a ma'aunin ma'aikacin da ya fi kowa ƙaramin albashi, ba a sa kuɗin data da cajin waya da takarda ba. In mai aikin ya miƙa maka naira 3,000 ka karɓa kana godiya, ka sayar da iliminka a rabin ladan lebura, ka kuma karya kasuwar na bayanka. Ka auna lokacinka tun kafin ka buɗe baki, ka faɗi kuɗinka ba tare da in'ina ba. In ya taya ƙasa ƙwarai, ka ce albarka, ku rabu da mutunci.

Sa'an nan kada ka soma aiki sai an ba da kafin alƙalami. Kakanninmu ba su ƙago wannan kalma a banza ba. Ni a ganina rabi ya kamata a ba ka tun farko, sauran rabin ran da ka miƙa aiki. Ku rubuta abin da kuka shirya, ko da a saƙon waya ne: yawan shafuka, ranar gamawa, kuɗi nawa, da sau nawa za ka yi gyara kyauta. In ba a faɗi yawan gyara ba, za ka ga an komo maka da takarda sau biyar a kan kuɗin farko. Amma fa ka tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ran da ka ce za ka gama, ka gama. Mai ba da aiki ya kan yafe kuskure guda a shafi, amma da wuya ya sake neman wanda ya sa shi jin kunya gaban maigidansa don jinkiri.

Abu na uku ya fi waɗannan nauyi, shi ne haƙƙin mallaka. A shekarun 1950 da 1960 kasuwar Anacha ta cika da ƙananan littattafan Turanci masu araha. Da yawa daga marubutansu su kan sayar da rubutun ɗungurungum ga ɗan kasuwa a biya su sau ɗaya, in littafi ya karɓu a yi ta sake bugawa, riba duk ta mai shago. Kada mu maimaita wannan. Bisa ga dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, abin da ka ƙago ka rubuta naka ne tun daga ranar da ka rubuta shi, ko ba ka yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka, magadanka su ci. Ba ya kuwa komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Saboda haka ka karanta kowace takarda da kyau kafin ka sa hannu. In za ka iya, ka ba da izinin bugu na 'yan shekaru, ko na adadi sananne, ka riƙe izinin fassara da na fim da na karantawa a rediyo a hannunka. Littafi yana da tsawon rai. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, sai a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya. Wanda ya sayar da gonarsa don kuɗin cefanen mako guda, ba shi da rabo a irin wannan kaka.

Mai son buga littafinsa da kansa ya dubi marubutan Kano, waɗanda tun shekarun 1980 suke biyan maɗaba'a da kuɗinsu su kai kasuwa. Dabararsu ita ce raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, domin cinikin na farko ya biya bugun na biyu. Wahalarsu kuwa ita ce bashi, gama masu shago su kan karɓi littafi sai an sayar su biya. Don haka ka buga kaɗan tukuna ka ga yadda kasuwa za ta karɓa, ka sayi littafin lissafi, ka rubuta kwafi nawa ka ba wane, ran nawa ga wata, ya sa hannu. Ka nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka kuma kai musu kwafi 3 da doka ta ce. Masu sayar da labari ta WhatsApp su ma su lura, abin da ya shiga waya guda ya shiga dubu, sai a karɓi kuɗi kafin a tura, a kuma riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

Kuɗin sana'a kuma a raba shi da kuɗin aljihu. Aikin rubutu kamar ruwan sama ya ke, wata guda a yi malka, wata uku a yi fari. Ka ware wani abu daga kowane biya ka ajiye don ranar da waya za ta lalace. Kada ka dogara ga mai ba da aiki guda ɗaya komai kirkinsa, kada kuma ka yi gaggawar ajiye alli don an biya ka da kyau sau biyu.

Saura magana guda wadda ba ta da daɗin ji, amma tilas a faɗe ta. Aikin da ya fi saurin kawo kuɗi a kowace kwaleji shi ne rubuta wa wani ɗalibi kundinsa na kammala karatu, ya sa sunansa ya kai. Na san za a ce ai taimako ne, kuma in ba ka yi ba wani zai yi. Jama'a, mu dubi inda abin zai ƙare. Wanda ka rubuta wa kundin nan zai karɓi takardar shaida, a ba shi aji cike da yara, ya tsaya gabansu ba shi da abin ba su. Wataƙila ƙanenka na cikin ajin. In kuwa asiri ya tonu, ku biyu za a kora, sunan da ka ke so ka ci abinci da shi ya ɓaci tun ba a san shi ba. Ka gyara wa mutum ka'idar rubutu, ka buga masa a kwamfuta, ka karɓi ladanka, wannan halal ne. Tunanin dai ya zama nasa.

Haka nan lokacin aji na yara ne, an riga an biya ka dominsa. Malamin da ya ba yara aikin kwafa ya koma bayan tebur yana fassarar wani, ya ci amanar iyayensu. Asuba tana nan, da maraice, da Asabar, da dogon hutu. Imam da Tafawa Ɓalewa suna riƙe da aji suka rubuta littattafan da har yau ake karantawa a makarantu.

Wannan shi ne ra'ayina. In akwai wanda ya ga inda za a ƙara, musamman malamanmu da suka riga mu sanin kasuwa, ina fata Edita zai ba shi fili a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a abin da hannunmu zai rubuta, amin.