Zumunci a ƙafa yake, har da wanda ya riga mu

Idan mutum ya rasu mukan yi sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, sannan kowa ya koma kantinsa ko buronsa. Addu'a ita ce gaba da komai, babu shakka. Amma akwai wani haƙƙi da muke mantawa: wurin da mamaci ya ƙaunata yana nan, yana jiran ƙafafunmu.

Ina da aboki tun muna lise Amadu Kuran Daga, malamin lakwal ne, Allah ya yi masa rasuwa bara. Ba shi da wurin hutawa sai duwatsun Birni. Can yake kai ɗalibansa da la'asar, ya nuna masu fada da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, a zamanin da ayarin Tarabulus da na Kano ke sauke kaya a Zango. Yakan ba su labarin kisan Kyaftin Kazamaju a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899, da yadda Nasara suka ɗauke babban birni suka kai Yamai a 1926. Ba ya faɗin wannan da kuka. Nufinsa yaro ya san ɗan wane gari ne.

Ran Juma'ar da ta wuce muka koma can, mu biyar cikin abokansa. Muka yi masa fatiha, sannan muka bi lungunan da yake bi. Zauruka masu zane waɗanda yake tsayawa a gabansu, wasu damina ta cinye fuskarsu, wasu an rushe an aza siminti da kwano. Wani tsohon magini ya shaida mana cewa ƴaƴansa duk sun kama kabu-kabu, babu mai son taɓa ƙasa da makuba. Hannun da ya san wannan zane, idan ya tafi, ba a sayo irinsa a kasuwar Dole.

Tun 2006 Nijar ta gabatar da Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO. Agadas ta samu tata a 2013. Mu kuwa, me za mu nuna idan baƙi sun zo?

Alhazai ƴan kasuwa, yaɓen zaure ɗaya kafin damina bai kai kuɗin ragon Layya ba. Ma'aikata, musamman malamai, ku riƙa kai yara Birni ko sau ɗaya a shekara. Mu biyar ɗin nan mun haɗa kuɗi, mun ɗauki nauyin gyaran zaure guda da yardar mai gidan, bisa sharaɗin tsohon magini ya koya wa samari biyu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshe.