Maƙerin Bakori Da Sandar Golf Ta Japan

Kwanakin baya wani abokina likita, mai buga golf a Kaduna, ya miƙo mini wata gajeriyar sanda yana ta ɗoki, ya ce ƙirar hannu ce daga Japan, kuma kuɗinta sai ya sayi buhunan taki da dama. Ni da ban san kan wasan ba, sai na zuba masa ido yana bayani. Sunanta weji, da ita ake fitar da ƙwallo daga ramin yashi ko a ɗaga ta zuwa kusa da rami. Ya ce asirinta duk yana tafinta, wato gefen da ke taɓa ƙasa. Mai tafi mai faɗi da tudu, kamar digiri 12 zuwa 14, ba ta nutsewa, don haka ta dace da yashi mai laushi da kuma ɗan wasan da ke sara da ƙarfi. Mai siririn tafi, digiri 4 zuwa 6, ta busasshiyar ƙasa ce da mai sharar ƙwallo a hankali. Ba'amurke Gene Sarazen ne ya shahara da wannan dabara, ya ci babbar gasar Birtaniya da ita a 1932.

Yana magana, hankalina na can maƙerar unguwarmu a Bakori, domin na riga na ji wannan karatu ina ɗan shekara goma, ba da Turanci ba.

Duk lokacin da bazara ta kawo jiki, mahaifina kan tasa ni gaba zuwa wurin maƙerinsa. Tsohon ba ya sa hannu a zugazugi sai ya yi tambaya: wace gona? Ta jigawa ko ta bakin fadama? Wa zai riƙe? Idan jigawa ce, sai ya buɗe ruwan fartanya ya yi faɗi da sauƙin nauyi, don ya riƙa shafe ciyawa ba tare da ya binne kansa ba. Idan laka ce, wadda ke kama ƙarfe da damina ta kuma ƙeƙashe da rani, sai ya tsuke ruwan, ya ƙara masa kauri. Sannan ya dubi tsayin mutum da yadda yake duƙawa kafin ya yanke shawarar kwanar da ruwa zai yi da ƙota. Garmar huɗa kuwa wani babi ce daban. Na ga ranar da ya ƙi sayar wa wani baƙo garma don, a cewarsa, ta mai dogon hannu ce, za ta kashe masa baya kafin azahar.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi damuna shi ne kalmomi. Muna da fartanya da hauya da garma da sungumi da magirbi, kowanne da aikinsa. A ƙasar Maraɗi, inda yashi ya yi yawa, har akwai hauyar da ake noma da ita a tsaye. Harshe ba ya ɓarnar suna. Inda ka ga ya rarrabe abu gida biyar, to masu shi sun san bambanci biyar. Na gwada ɗalibaina 'yan aji uku, akasarinsu 'ya'yan manoma, ƙalilan ne suka iya raba sungumi da magirbi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen, Philip Jaggar kuma ya rubuta littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994, amma hukuncin da maƙeri ke yankewa tsakanin ƙasa da ƙarfe da jikin manomi har yau a kansa yake, kuma kan nan yana tsufa.

Za a ce mini zamanin tarakta ne da maganin feshi. Na ji. Sai dai tun 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, kuma bayan shekara hamsin, mai karatu ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a watan Yuli ya ƙirga waɗanda ke duƙe a gonakin masara. Hatta garmar shanu, maƙerinmu ne ke sake mata baki idan ta cinye. Amma idan an tashi rabon kayan tallafi, sai a jibge wa manoma fartanyoyin kamfani masu fuska ɗaya, kamar gonar Bakori da ta Daura ƙasa guda ce.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk kwangilar kayan noman hannu a ba maƙeran yankin ta hannun sarakunan maƙera, manomi ya je a auna shi. Sassanmu na Hausa kuma, tare da injiniyoyin cibiyar binciken noma ta Samaru, su tura ɗalibai maƙera da rakoda da ma'auni, a rubuta kowace ƙira da sunanta da ƙasar da ta dace da ita. Na fara da nawa ɗaliban bana. Maƙerin mahaifina ya rasu. Ɗansa yana walda a Funtuwa, ya kuma yarda zai zauna da mu ranar Asabar ya faɗi abin da ya tuna.